Taku Arba'in: Tafiya Wurin Maharban Mafara, Bakura da Maradun

A Zamfara ta yau, da an ambaci bindiga sai gaban mutum ya faɗi, domin hankali yana tafiya ne kai tsaye ga mutanen daji da baburansu. Amma akwai wata bindigar da ta daɗe da zama a ƙasar nan tun kafin a san tasu. Ita ce ta maharba, wadda ake ɗura wa albarushi da hannu ta baki, ɗuri ɗaya harbi ɗaya. Dattawa na ce mata bindigar toka, samari na ce mata harba-ka-ruga. Da ita aka ci naman gada da barewa, da ita ake yi wa sarki jinjina ranar hawan salla, kuma da ita ƙauyuka da yawa suke kwanan tsaro a yanzu. Wannan na ƙarshen shi ya taso ni daga Zariya cikin hunturu, da tambaya ɗaya a raina: daga nisan taku nawa wannan bindiga take samun abin da aka auna, daga ina kuma take daina cika alkawari?

Mun bar tasha da sassafe, don direbobin hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba sa son la'asar ta riske su a kan titi. Bayan mun wuce Tsafe sai dutsen Kwatarkwashi ya bayyana cikin hazo. A wannan yanki ne, cikin watan Fabrairu 1903, rundunar Kano da ke komowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi arba da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa da ba ta kai mutum hamsin ba, wadda wani hafsa mai suna Wright yake jagoranta. Mahayan Kano ba su rasa zuciya ba. Sun kai hari, sun sake kaiwa. Tazara ce ta ci su, domin harsashi yana samun su tun kafin mashi da takobi su isa ga kowa, kuma Waziri kansa a nan ya kwanta dama. Ranar 15 ga Maris aka maimaita irin wannan a filin Giginya, bakin birnin Sakkwato. Tun daga lokacin ƙasar nan ta san cewa wanda makaminsa ya fi nisa shi yake yanke inda za a yi faɗa.

Daga Gusau muka bi ta Bunguɗu da Maru, shingen bincike na bin shingen bincike, fasinja kowa ya yi tsit sai in an shigo gari.

Talata Mafara: a maƙera

Na daidaita isowata da ranar kasuwa. Kasuwar Talata ta cika maƙil da buhunan shinkafa, da albasa, da tumaki, da masu tallar rake. Wanda ya gan ta haka ba zai ce an taɓa rufe ta ba, alhali a 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara don a toshe wa 'yan bindiga hanyar abinci da labari. A cikin wannan ƙaramar hukumar ne Jangebe take, inda aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu ranar 26 ga Fabrairu 2021. Mutanen Mafara ba sa buƙatar a tuna musu da wannan. Shi ya sa baƙon da ya zo yana tambayar bindiga sai an dube shi sama da ƙasa, sai kuma wanda aka sani ya tsaya masa.

Wani abokin karatuna ɗan garin ne ya tsaya mini. Ya kai ni wata maƙera a bayan layin masu kayan noma. Maƙerin dattijo ne siriri, yana zaune gaban uwar maƙera, jikansa na jan zugazugi. Lauje yake gyarawa. Bai ɗago ba sai da ya tsoma shi a ruwa ya huce.

"Malam, ni maƙerin kayan noma na," in ji shi bayan mun gaisa. "Da can maharba su kan kawo gyara, in duba masu. Tun da ƙasa tal lalace, in ba sarkin maharba yat turo mutum da bakinai ba, kuma na san uban da yah haihe shi, ba ni taɓawa."

Na tambaye shi abin da ke sa wata bindigar ta fi wata saiti. Ya ce in bar zancen saiti tukuna, in fara tambayar wadda ba ta kashe mai ita. Ya kira wani mutum da ke zaune a inuwa yana jiran a ɗaura masa ƙotar gatari. Mutumin ya miƙo mini hannun hagu: babban yatsa da manuni babu su, sai tabo mai sheƙi har wuyan hannu. Tun yana saurayi ya sayi bindiga mai araha, ya ga kamar ba ta da ƙarfi, ya ƙara mata ɗuri. Bututun ya tsage a hannunsa.

"Ƙarfe shina gajiya kamar mutum," in ji maƙerin. "Tsatsa na cin shi ta ciki inda ido bai gani. Yaro na ganin in ya ƙara albarushi ya ƙara nisa. Kabari dai ya ƙara kusantowa."

Abin da ya faɗa shi ne dalilin da ya sa ƙasashen da ke ƙera makamai suka kafa gidajen gwaji. A Birmingham ta Ingila, tun 1813 akwai gidan da doka ta ce sai an kai bututun bindiga can an gwada shi da ɗurin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a cikin ɗakin da babu mutum, in ya jure a buga masa hatimi kafin a sayar. Bindigar ƙauye ba ta da irin wannan gida. Hannun mai ita ne wurin gwajinta.

Ita ma doka a nan ba ta yi shiru ba. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: na yaƙi, waɗanda aka haramta wa farar hula, na ɗaiɗaikun mutane, irin mai baki biyu, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, sai masu ɗuri ta baki, irin na maharba, waɗanda aka bar al'amarinsu a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ƙera bindiga ko harsashi ba da izini ba laifi ne. Don haka abin da na zo gani shi ne ɗurin maharbi na gargajiya, wanda hukumar garinsa ta san da shi. Sirrin haɗin albarushi na masu sana'a ne, ba shi ya kawo ni ba.

Bakura: gwaji a gindin gaɓa

Kashegari na kama hanyar Sakkwato, na sauka a Lambar Bakura, ɗan acaɓa ya shige da ni. Ƙasar Bakura shimfiɗaɗɗiya ce, magudanan ruwan Bakalori sun ratsa ta, ga shinkafar rani kore shar a tsakiyar hunturu. Nan ma akwai tabo: a watan Agusta 2021 aka kai hari kwalejin aikin gona ta garin aka tafi da ɗalibai da ma'aikata.

A wani ƙauye da ke gefen fadama na sauka gidan sarkin maharba. Ya haura saba'in, amma tafiyarsa ba ta da sauti. A jikin bangon zaurensa akwai kwari da baka, da warki da ya sha jiki, da kan burtu irin wanda maharbi ke ɗaurawa a goshi ya sunkuya yana kwaikwayon tsuntsun har ya matso kusa da nama. Na ce masa, "Baba, har yanzu ana amfani da wannan?"

"Ɗana, wanga shi na rabin harbi," in ji shi. "Bindiga ba ta zuwa wurin nama. Kai ka kai ta."

Ba a yi gwajin ranar ba, domin a Zamfara ta yanzu ƙarar bindiga ɗaya ta isa ta watsa ƙauye, mata su goya 'ya'ya su nufi gonaki. Sai da ya aika wa mai gari, ya aika wa shugaban askarawan yankin, wato masu tsaron da gwamnatin jiha ta kafa, aka kuma sanar a masallaci bayan isha'i cewa gobe da hantsi za a ji harbi wajen tsohon rafi, kada kowa ya firgita.

Da safe muka fita mu huɗu: shi, da ɗansa, da wani maharbi maƙwabcinsa, da ni. Wurin da ya zaɓa busasshen rafi ne mai gaɓa da ta fi tsayin mutum, ta yadda duk abin da ya wuce zai nutse cikin ƙasa. Duk da haka sai da ya tura ɗansa ya hau sama ya duba ko akwai makiyayi ko masu itace a baya. Aka kafa sanda biyu, aka ɗaura faffaɗan kwali, ya ɗauki gawayi ya zana da'ira mai faɗin taƙi ɗaya a tsakiya. Sannan ya juya baya ya fara ƙirga taku, yana ajiye dutse a ashirin, da arba'in, da sittin, da tamanin.

Ɗurin kansa abin kallo ne. Ya tsayar da bindigar a ƙasa, bakinta na kallon gefe, nesa da fuskarsa. Ya zuba albarushi daga ƙaho cikin wani ɗan ma'auni da ya gada wurin mahaifinsa, ya juye, ya tura tsumma, ya danna da sandar ɗuri a hankali yana sauraron sautinta. Sannan dalma, sannan wani tsumman. Bai yi magana ba har ya gama. Na duba agogo: ɗuri ɗaya ya ci fiye da minti guda, a hannun mutumin da ya shekara hamsin yana yi.

Da ƙananan ƙwayoyin dalma aka fara, irin na zabo da fakara. A taku ashirin ya durƙusa, ya yi bisimilla, ya ja kunama. Ƙara ta cika rafin, farin hayaƙi ya rufe shi har sai da iska ta janye. Da muka je, da'irar ta zama rariya, kuma duk ramukan ba su fita daga faɗin kamu ɗaya ba. Aka sa sabon kwali. A taku arba'in ramukan sun bazu ko'ina, 'yan kaɗan ne cikin da'ira, kuma akwai gurabun da zabo zai tsaya a ciki ko gashinsa ba a taɓa ba. A taku sittin sai da muka sunkuya muna nema. Wasu ƙwayoyin ma ba su huda kwalin ba, sun maƙale a jikinsa.

Daga nan aka koma dunƙulen harsashi guda, irin na babban nama. A ashirin, duk harbin da ya yi cikin da'ira ya faɗa. A arba'in, ɗaya ya taɓa bakin da'ira, ɗaya ya sauka ƙasa da ita da kusan kamu, ɗaya ya kauce hagu. Mutum ɗaya, bindiga ɗaya, durƙuso ɗaya, amma wuri uku. A sittin ɗaya ne kawai ya sami gindin kwalin, sauran sai ƙura muka gani ta tashi a jikin gaɓa.

A nan ne bindigar maƙwabcin ta ƙi tashi. Ya ja kunama, ƙyas, shiru. Ɗan sarkin maharba ya yunƙura zai matsa ya duba, uban ya daka masa tsawar da ta fi ƙarar harbin: "Tsaya inda kake!" Maƙwabcin bai motsa ba, bakin bindigar na kallon gaɓa, muna tsaye muna jira. Can sai ta tashi da kanta. Albarushin ya sha raɓa ne, wuta na cin sa a hankali. Da yaron ya leƙa bakinta, da wani labarin nake rubutawa.

Da muka isa dutsen taku tamanin, dattijon ya tsaya ya dubi kwalin, ya rataya bindigarsa a kafaɗa.

"Baba, ba za a gwada nan ba?"

"Nan ba harbi ba na, caca ta. Ni ban yin caca da dalma."

Abin da ke faruwa tsakanin baki da kwali

Abin da idona ya gani a rafin nan yana da dalilai sanannu. Na farko, ɗurin hannu ba ya taɓa zama iri ɗaya. Yau albarushi ya bushe, gobe ya sha danshi. Wannan karon an danna da ƙarfi, wancan an sassauta. Wannan dalmar ta ɗan fi waccan nauyi. Kowane bambanci yana sauya gudun harsashi. Na biyu, cikin bututun santsi ne, harsashin kuma bai cika shi ba, don haka yana fita yana karo da bango, ya bar bakin bindiga yana juyi ta inda ya ga dama. Wani masanin lissafi na Ingila, Benjamin Robins, ya nuna tun 1742 cewa wannan juyin ne ke karkatar da harsashi hagu ko dama a cikin iska. Maganin da aka samo shi ne a yanka siraran layuka masu murɗewa a cikin bututu, su sa harsashi ya riƙa juyawa a kan tsayinsa, kamar mazarin kaɗi da ke tsayawa cak muddin yana juyi. A 1849 wani hafsan Faransa, Minié, ya fito da harsashin da ke kama waɗannan layuka cikin sauƙi, a 1884 kuma wani Bafaranshen, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi mai ƙarfin tura harsashi da sauri ƙwarai. Jikokin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire ne suka iso Kwatarkwashi a 1903.

Na uku shi ne nauyi. Harsashi yana fara faɗuwa tun daga lokacin da ya bar bakin bindiga. Cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa yana sauka kimanin santimita 5. Cikin rabin daƙiƙa ya sauka fiye da mita ɗaya. Dunƙulen dalma mai tafiyar hawainiya, wanda iska ke rage wa gudu da wuri, yana daɗewa a hanya, don haka yana faɗuwa da yawa, iskar hunturu kuma ta samu lokacin tura shi gefe. Kuskuren da bai fi faɗin yatsa ba a kusa, shi ne yake zama kamu guda a nesa.

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya haɗa harsashinsa a gida, akwai masu farauta da masu gasar harbi da suka mai da wannan abin nazari. Suna auna albarushi da sikelin da ke gane abin da bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na giram ba, su ɗora bindiga a kan teburi, su yi harbi biyar a yadi 100, su auna tazarar ramukan, su rubuta a littafi. Idan ramukan ba su wuce inci ɗaya ba a tsakaninsu, sai a ce haɗin ya yi kyau. Sannan su ja baya zuwa yadi 200 da 300, domin haɗin da ya yi kyau a kusa yana iya watsewa a nesa. Dattijon Bakura ba shi da sikeli ba shi da littafi, amma tambayarsu ɗaya ce, kuma ya amsa ta da ƙafarsa: taku arba'in.

A hanyar komawa gida na tuna masa karin maganar nan da ke cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Ya tsaya cak.

"Wanda yaf faɗi haka bai taɓa bin sawun jini ba," in ji shi. "Ka halbi gada ga ƙafa, ta shige sarƙaƙiya, ta kwana uku tana ruɓewa da ranta, kai ba ka ci ba, ita ba ta huta ba. Mi za ka ce ma Allah? Kuskure ya hi. In ban tabbata ba, ni kan bar ta ta tahi."

Ya ce ƙa'idar da mahaifinsa ya ɗora shi a kai guda biyu ce. Kada ka harbi abin da ya wuce iyakar bindigarka, kada kuma ka harbi abin da ba ka gan shi sarai ba. Motsin ciyawa ba nama ba ne. Yana iya zama ɗan wani.

Abu ɗaya ya dame ni a gidan. A tsakar gida, kusa da murhu, na ga gwangwanin da ake narka dalma a ciki, jikokinsa na wasa a ƙasa gefensa. Zamfara ta san dalma fiye da kowace jiha. A 2010 gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta shiga abinci da hannun yara. Na faɗa masa cewa dalmar harsashi da waccan duk abu ɗaya ne, ba ta da wari ba ta da ɗanɗano, tana taruwa a jinin yaro ta taɓa ƙwaƙwalwarsa. Ya yi shiru yana duban gwangwanin, sannan ya kira ɗansa ya ce a fitar da shi bayan gari, a kankare ƙasar wurin a zubar nesa da rijiya.

Maradun: inda lissafin ya daina aiki

Maradun na kusa da madatsar Bakalori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Ruwan ya haɗiye gonaki da ƙauyuka, kuma rikicin diyyar da ya biyo baya ya ƙare da kisan manoma da yawa a hannun 'yan sandan kwantar da tarzoma cikin Afrilu 1980. Yau tafkin shimfiɗe yake, masunta na jan koma, dinya da kirinjijiya na sauka a gefe. Dazuzzukan da ke bayansa, inda maharba kan yi kwanaki suna bin sawu, sun zama wurin da ba a shiga. A ƙauyen Kaya na wannan ƙaramar hukumar aka sace ɗalibai 73 ranar 1 ga Satumba 2021.

A wani shagon shayi na zauna da wani saurayi ɗan maharba, wanda yayansa ke cikin askarawa, shi kuma yake kwanan tsaro a bakin ƙauyensu da bindigar kakansa. Na ba shi labarin gwajin Bakura. Bai yi mamaki ba.

"Yallaɓai, mu mun san wanga lissahi," in ji shi. "Su suna tsayawa inda ko hularsu ba mu gani da kyau, su buɗe wuta. Mu sai sun shigo tsakanin gidaje. In ka halba guda, hayaƙi ya nuna inda kake, kai kau kana neman tsumma."

Lissafin a fili yake. Bindigar AK-47 tana samun mutum daga nisan mita 300, tana ɗauke da harsashi 30 a ɗuri ɗaya. Ta maharbi tabbacinta bai wuce taku arba'in ba, harbi ɗaya, sannan fiye da minti guda na ɗuri. Tsakanin taku arba'in da mita 300 akwai fili mai faɗi wanda ɗan ƙauye ba shi da ta cewa a cikinsa, kuma a cikin wannan filin ake kashe 'yan ƙauye. Saurayin ya lissafa mini abokan wasansa da aka binne. Ban rubuta sunayen ba, amma yatsun hannu ɗaya ba su ishe shi ba.

Hukuma ta gwada amsoshi. A watan Yuni 2022 gwamnatin Bello Matawalle, wanda shi kansa ɗan Maradun ne, ta ce jama'a su nemi lasisin riƙe bindiga don kare kai, ta ce za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan ikon. Ranar 31 ga Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum 2,646, da horo da kaki da albashi. Wannan ya fi barin kowa da ƙarfinsa, domin aƙalla akwai wanda za a tambaya in an yi ɓarna. Amma ƙauyukan sun fi askarawan yawa, kuma inda ba su kai ba, ɗan maharbi ne ke tsaye a duhu.

Akwai wani ɓangaren da bai kamata a ɓoye ba. An sha zargin 'yan sa-kai da kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, a kasuwanni da kan hanya, kuma wannan yana cikin abin da ya rura wutar da ke cin kowa yanzu. Bindiga a hannun mai fushi, cikin dare, ba ta tambayar sunan kowa. Na faɗa wa saurayin ƙa'ida ta biyu ta dattijon Bakura. Ya ce kakansa ma haka yake cewa, amma yawancin samarin da suka ɗauki bindiga a shekarun nan ba su tashi gidan maharba ba. Sun sami makamin, ba su sami tarbiyyarsa ba.

Wannan shi ne abin da na taho da shi. Maharban Zamfara suna da ilmi na gaske: sun san ƙarfe, sun san iska, sun san daji, sun kuma san lokacin da ake sauke bindiga daga kafaɗa da lokacin da ake mai da ita. Ya kamata masarautu da 'yan sanda su yi musu rajista ta hannun sarakunan maharba, a duba bututun da ya tsufa kafin ya tsage, a raba dalma da tsakar gida, a sa dattawan nan su koya wa samari ƙa'idodinsu biyu. A nemi saninsu na hanyoyin daji, a biya su, a kare asirinsu. Amma kada wani ya zauna a Gusau ko Abuja ya ce ƙauye yana da masu tsaro don an ga samari da bindigar toka a bakin gari. Na tsaya a rafin nan na ga inda dalmar take faɗuwa. Daga taku arba'in zuwa gaba aikin soja ne da ɗan sanda, masu makamin da ya kai can, masu motar da za ta iso kafin gari ya waye, kuma manoman Mafara da Bakura da Maradun suna da haƙƙin ganin su a gonakinsu kafin ruwan shuka ya sauka.